Neman shawara: kayan aikin kanikanci ga mai koyo

Yayan Sani: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Ƙanena ne, tun rasuwar mahaifinmu ya ƙi makaranta. Mun yi faɗan, mun yi lallashin, kawunmu ya ce a tura shi Legas, mahaifiyarmu ta ce ba da yawunta ba. Da ƙyar ya yarda ya shiga gareji, kuma alhamdu lillahi hannunsa ya fara faɗawa. To yanzu ogansa ya ce kowane yaro ya nemo kayan aikinsa. Naira dubu 60 gare ni, su ma adashi na ɗauka. Na ga wani akwati a kasuwar Sabon Gari, guda 150 a ciki. In saya? Tsorona kada ya koma zaman majalisa.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Kada ka saya. Yawancin akwatunan nan ƙananan kawunan sukundireba ake cika su da su don lissafi ya yi yawa, wasu soket ɗin ma, wato kofunan da ake kifawa a kan noti a kwance shi, na awon inci ne, ba za su zauna a notin motocinmu ba. Kuma ba ka faɗi motar da suke gyarawa ba. In ta Japan ce, Toyota ko Honda, sifana lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19 su ne aikin. In Golf ce, dole sai da 13 da alanki. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka tsinto na gwanjo ɗaya-ɗaya, ka haɗa da filaya, guduma da sukundireba biyu. Soket mai kusurwa 6 za ka nema, mai 12 yana cinye kan noti in ya yi tsatsa.

Maman Ilham: Ni dai a kula da gwanjon nan. Maigidana ya sayo sifanu wai na Jamus, ashe fenti aka yi musu, ranar farko bakin ɗaya ya buɗe. Da ya mayar, mai shagon ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Sabo ko ba komai ka san sabo ne.

Tsohon Bakanike: Hajiya, ai ba a tura wanda bai san ƙarfe ba shi kaɗai. Kuma ko an rubuta Cr-V a jiki, wato alamar ƙarfe mai ƙwari, kada ya ruɗe ku, har na jabu rubutawa suke. A gwada a kan noti, in yana girgiɗi a ajiye.

Yayan Sani: Na gode Oga. Amma akwatin yana da wurin zaman kowanne, in ɗaya ya ɓace nan take zai gane. Kuma yaron ya riga ya gani, ya ƙwallafa rai.

Baban Khalifa: Ɓata kam sai ya ɓata. Ni sifana lamba 10 guda nawa na saya a shagona, Allah kaɗai ya sani. Yaran yanzu ka koya musu aiki, su tafi da kayanka ko sallama babu. Mu a zamaninmu sai ka shekara kana wanke noti da fetur kafin a bar ka ka taɓa injin.

Na Zariya: Ni ogan ne ban gane masa ba. Yaron da bai yaye ba, ina shi ina sayen kaya? Ka je ku zauna tukuna.

Tsohon Bakanike: Tsarin ogan daidai ne, wanda ya saya da kuɗinsa shi ke tattalawa. Ɗan uwa, rachet ɗin cikin akwatin nan, wato hannun da ake juya soket da shi, rana ɗaya yaro zai zura masa bututu ya danna a kan noti mai tauri, haƙoran su zube. Doguwar sandar soket ake fara sassautawa da ita.

Yayan Sani: Zan gargaɗe shi kan bututun. Ni ban san kowa a Ƙofar Ruwa ba, kuma mai akwatin ya ce zuwa Asabar kawai zai riƙe min, har na ba shi dubu 10.

Tsohon Bakanike: Har yanzu ba ka faɗa mana wace mota suke gyarawa ba.