Na goro a harkar fitar da riɗi: toshiyar baki ce ko kuɗin aiki?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Idan ɗan kasuwa daga nan Katsina zai aika riɗi Ingila, kamfanin can ya sa sharaɗi a yarjejeniya cewa ba a ba jami'i ko sisi, shi kuma ejan na Legas, mai fitar masa da kaya a tashar ruwa, ya ce kwantena ba ta motsi sai da na goro, ina mafita? Dubu ashirin ma rashawa ce?

Baba Lauya: Wa alaikumus salam. A wajen Bature ɗan Ingila, e, rashawa ce. Dokarsu ta 2010 ba ta ware ƙaramin kuɗin hanzarta aiki ba, kuma tana kama kamfani idan wanda ke masa aiki ya bayar don kamfanin ya amfana, ko a ina ne, sai dai ya nuna ya ɗauki matakan hanawa. Tsoron da ya haifi sharaɗin ke nan. Ta Amurka, ta 1977, ta ɗan bar ƙofa ga irin wannan, amma tamu ta ICPC ta 2000 tana hukunta mai bayarwa da mai karɓa.

Ka kula da ejan, nan ramin yake. Dubi kwangilar iskar gas ta Bonny, a jihar Ribas: wajen dala miliyan 180 na toshiyar baki, ta hannun 'yan tsakiya suka bi, har da wani lauya a Landan, da sunan kuɗin ba da shawara. A 2009 Halliburton da KBR, kamfanonin Amurka da ke da hannu a kwangilar, suka biya gwamnatin Amurka dala miliyan 579 a kan wannan laifin. "Ai ba ni na miƙa ba" bai fitar da kowa ba.

Hajiya Mai Zoɓo, Daura: Yallaɓai ya faɗi doka, ga aiki. Kada ka yarda ejan ya ce "kawo miliyan biyu, zan ji da komai". A cikin dunƙulen nan ake cusa rashawar. Ya rubuta maka dalla-dalla: kuɗin mota, lodi, feshin ƙwari, tashar ruwa, sai ladansa daban. Duk kuɗin gwamnati a biya ta banki, rasit ya fito da sunan kamfaninka.

Yawanci kuma mu ke ba da ƙafa. Rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ta ƙare, ko an cike fom ɗin NXP na fitar da kaya a makare, ko nauyin da ke takarda ya saɓa da na sikeli, ko babu shaidar lafiyar amfanin gona. Jirgi na shirin tashi, kuɗin kwanan kwantena na hawa kullum, sai mutum ya ga na goro ya fi arha. Ka kammala takardu tun buhuna suna sito.

Malam Na Zaure: Ɗan'uwa, Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Canza mata suna zuwa goro ko shayi ba ya wanke ta. Ka tuna mai karɓar zakkar da ya ce "wannan naku, wannan kyauta aka ba ni", aka ce me ya hana shi zama gidan iyayensa ya gani ko za a kawo masa. Wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka danne wa haƙƙinsa tsantsa, ba wata hanya, suka ce zunubin na mai karɓa ne. Amma wanda riɗinsa ke da danshi ya biya a kau da kai, ba ya cikinsu.

Baba Lauya: Allah ya gafarta Malam, ko wanda rangwamen ya shafa, kamfanin Ingila bai san da shi ba. Ranar da masu binciken asusunsu suka ga kuɗi babu rasit, suna iya soke cinikin.