Ligament: jijiya za mu ci gaba da cewa, ko maɗaurin gaɓa?

Salamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya da malaman Hausa na nan Gusau da kewaye. Ina so mu tsayar da magana ɗaya kan abin da Bature ke kira ligament, don mu da ke ɗakin gashin ƙashi kullum lalube muke yi a gaban majinyaci.

Yawancinmu "jijiya" muke cewa. To hanyar jini jijiya ce, mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ma jijiya ce. Ka ce wa uba "jijiyar gwiwar ɗanka ta tsinke", abin da zai ji shi ne ƙafar za ta shanye. Na ga dattijon da ya kama salati kan wannan magana, alhali yaron da ƙafarsa ya tako ya shigo.

Abin da muke nufi shi ne farin zare mai tauri da ya ɗaure ƙashi da ƙashi. Manya guda 4 ne a gwiwa: biyu sun gitta juna a can ciki, ɗaya gaba ɗaya baya, biyu kuma suna gefe, na ciki da na waje. Na gaban nan shi ne ACL da 'yan ƙwallo ke tsoro.

Wani malaminmu ya kawo "agara". Allah ya ƙara sani, Malam, kalma ce tamu ta asali, amma a je mahauta a ce a nuna agara. Abin da mahauci zai ɗaga shi ne farin nan da tsoka ta ƙare da shi ta kama ƙashi, irin na bayan dunduniya. Wancan tsoka ce ke jan ƙashi da shi, aikinsa motsi. Namu kuwa aikinsa hana ƙashi wuce iyaka. A bar wa wancan sunansa.

Ni dai na tsaya a kan maɗaurin gaɓa, jam'insa maɗauran gaɓa. Daga nan sauran sun zo da sauƙi: maɗaurin gicciye na gaba da na baya, maɗaurin gefe na ciki da na waje. An ce zai rikice da maɗori. A kunne sun yi kusa, gaskiya ne, amma da an haɗa da "gaɓa" ko "gwiwa" ba wanda zai ɓata.

Inda na fi son mu daɗe shi ne wajen awo, don a nan kalma ke aiki. A gwajin Lachman, majinyaci na kwance rigingine, gwiwa a lanƙwashe digiri 20 zuwa 30. Hannu ɗaya ya danne cinya, ɗayan ya kama ƙwauri daga sama ya jawo shi gaba. Idan maɗaurin gicciye na gaba lafiya yake, ƙashin zai ɗan taho ya tsaya cak, kamar igiyar guga ta kai ƙarshe. Idan ya tsinke, sai ka ji ƙwaurin na biyo hannunka laɓo-laɓo ba wurin tsayawa. Dole kuma a auna ɗaya gwiwar a kwatanta, don wasu haka Allah ya yi gaɓoɓinsu da laushi. Sunan gwajin na John Lachman ne, likitan ƙashi a Filadelfiya ta Amurka, almajirinsa Joseph Torg ya bayyana shi a rubuce a 1976. Sunan mutum ne, mu bar shi yadda yake.

Akwai kuma gwajin jan durowa, gwiwa a digiri 90, a ja ƙwauri gaba ko a tura shi baya. Ɗan kabu-kabun da ya faɗi ya daki gaban ƙwaurinsa, sau da yawa maɗaurin gicciye na baya ne ke tsinkewa, har za ka ga ƙwaurin ya lotsa baya tun ba ka taɓa ba. Maɗauran gefe kuwa tura gwiwar ake yi ciki ko waje, a miƙe sannan a digiri 30, a ga ko gaɓar za ta buɗe.

Wannan abin da hannun mai awo ke ji, ina ganin sakwarkwacewar gaɓa ya dace da shi. Amma kada mu haɗa shi da abin da mai ƙafar ke ji da kansa. Ɗan kokawa zai ce maka, "Likita, in na juya da sauri sai gwiwar ta kubce mini." Wannan kubcewar gwiwa ce, daga bakinsu muka samu, ba mu da abin ƙarawa. Mutum na iya samun sakwarkwacewar ba kubcewar idan tsokar cinyarsa na da ƙarfi, kuma shawarar tiyata na duba duka biyun.

Targaɗe ma yana nan daram, sai dai ya yi faɗi. Mataki 3 ne: maɗauri ya miƙe, ya yage, ya tsinke. Na gefe na ciki yakan warke da ɗauri da gashi ba tiyata. Na gicciye na gaba idan ya tsinke gaba ɗaya da wuya ya haɗe da kansa, komai murza da shafa. Wanda ya ji ƙara "ɓas" a gwiwa, ta kumbura suntum cikin 'yan awoyi, kada a sallame shi da "targaɗe ne kawai".

Saura guringuntsin nan mai siffar jinjirin wata da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, wanda ke yawan yagewa tare da maɗauri. Wasu na cewa matashin gwiwa, ni bai gama kwanta mini ba. Iyayenmu maɗora na Ƙaura da Mafara, da 'yan'uwa na Birnin Kebbi da Argungu, me kuke kiransa a wajenku?