Wai duk tsohuwar motar da ta mace a kan tafiya famfon mai ne?

Mai 406: Jama'a ku raba mu gardama. Motata Peugeot 406 ta mace min sau uku cikin mako guda, na ƙarshe a Dangi, cikin Kano, da tsakar rana, 'yan adaidaita sahu na ta zabga min hon. In na bar ta minti ashirin sai ta tashi kamar ba ita ba. Yayana ya rantse famfon mai ne, wai tsohuwar mota ba ta da ciwon da ya wuce shi.

Direban tasha: Yayanka ya yi gaskiya, Malam. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa lita biyar yake sha, allura kullum tana ƙasa. Famfon kuwa a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Ƙara da man 'yan bumburutu mai datti. Ka leƙa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa kawai.

Mai rewaya: Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Famfo in zai mutu yawanci yakan yi gargaɗi: mota ta riƙa fizga, ka taka totur ta ƙi ja, musamman a hawan gada. Malam, taka ta yi haka?

Mai 406: Ko kaɗan. Ɗif take yi, kamar an ɗauke wuta.

Mai rewaya: To ka ji. Ni sansar kiranshaf nake zargi. Ita ke gaya wa kwamfutar mota injin na juyawa. In ta tsufa, da ta ɗau zafi sai ta yi shiru, wuta ta daina zuwa filogi, nozul ya daina feshi. Ta huce, ta dawo aiki. Kwayil, mai ba filogi wuta, shi ma yakan yi wannan halin.

Direban tasha: Ku 'yan rewaya komai waya ne a wurinku! Shekara nawa ina kan titin Zariya?

Mai rewaya: Allah ya ja da rai, gwaji zai raba mu. Malam, in ta sake macewa, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne ta kujerar baya. In ka ji ɗan gurnani na daƙiƙa biyu, famfo na da rai. Sannan ka buga sitata ka dubi allurar juyin inji, in ba ta ko motsa ba, sansa ce.

Mai 406: Kash, ai Yaya ya riga ya sayo famfon jiya, ɗan Beljiyam.

Mai rewaya: Kar a yaga ledarsa tukuna. Rasit ɗin yana nan?