Neman kalmar Hausa ga "frame" da iyakar girmansa

'Yan uwa masu aikin haɗa intanet a Kaduna, musamman malamanmu da ke koyar da matasa wannan sana'a a Tudun Wada da Kawo, ina roƙon mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da Turawa ke kira frame, wato gungun bayanan da na'ura ke aikawa a tashi ɗaya, da adireshi a gabansa da lambar tantancewa a bayansa.

Da yawa suna cewa firam, amma Bahaushe ya san firam na taga da na hoto ne, abin da ke kewaye kawai. Ƙunshi kuwa ya fi dacewa da packet, wato gungun bayanan da ke bin hanyoyin intanet daga tushe har inda aka nufa. Ni ɗauri na zaɓa, domin ana ɗaukarsa gaba ɗaya, idan kuma ya fi ƙarfin ƙofa sai an kwance an raba shi, kamar ɗaurin rake.

Inda kalmar za ta nuna amfaninta shi ne ƙa'idar CAPWAP, wadda hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar a shekarar 2009 cikin takardarta mai lamba RFC 5415, domin na'ura guda ta riƙa sarrafa na'urorin Wi-Fi masu yawa. Ɗaurin Wi-Fi na iya ɗaukar bayit (ma'aunin girman bayanai) 2304, alhali wayar Ethernet da aka saba da ita bayit 1500 take ɗauka. Ƙari a kan haka, CAPWAP na sanya ɗaurin cikin wani ƙunshi, ta ɗora masa kai, wato bayanan jagora da ake sawa a gaba: na ƙa'idar IPv4 mai bayit 20, da na ƙa'idar UDP mai bayit 8, da nata kan, saboda haka abin da ya shiga daidai sai ya fito ya yi kiba. Shi ya sa ƙa'idar ta tanadi yadda za a raba shi a gefen mai aikawa, a harhaɗa a gefen mai karɓa.

Don haka kalmomi biyu muke bukata. Iyakar ɗauri ita ce mafi girman abin da na'ura ke iya aikawa, iyakar hanya kuwa ita ce abin da mafi ƙuncin wuri tsakanin na'urorin biyu zai bari ya wuce, kuma yaron da bai bambance su ba zai wuni yana zargin na'ura lafiyayya.

Saura rabawar. Ban yarda da gutsuttsurawa ba, domin abin da aka gutsuttsura ba ya komawa yadda yake. Ina ganin rarrabawa da harhaɗawa sun isa, sai dai in malamai suna da wadda ta fi.