Injin waldana yana jan mutum, ido kuma ya hana ni barci, don Allah a ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida. Don Allah ina neman shawara ne kan abin da ya dame ni sosai. Shekarata biyar ina koyon walda a hannun ogana, bayan sallar layya ya yaye ni na buɗe ɗan shagona a bakin titi, ƙofofi da tagogi da get nake yi, sai ɗan gyare-gyare na baro da kujerun makaranta. Injin da nake aiki da shi na hannu ne na saya, irin taransifoman nan naɗin gida mai nauyi da sai mutum biyu ke ɗagawa. Da rani lafiya lau muke aiki amma tunda damina ta sauka duk sanda zan canja sandar walda a holda, wato abin riƙe sandar, sai na ji wuta ta ɗan ja ni a yatsu, shekaranjiya kuma yarona ɗan shekara sha huɗu ya dafa jikin injin zai ja shi gefe, wallahi ihun da ya yi har yanzu yana kunnena, ya yarfe hannu ya zauna a ƙasa yana haki. Ɗan yayata ne, amana aka ba ni shi. Sannan in na yi kamar minti ashirin ina aiki da sanda mai kaurin geji 10 kebul ɗin yana zafi har roba tana wari. Na uku kuma idona, sau biyu ke nan cikin wata ɗaya ina farkawa tsakar dare kamar an watsa min yashi a ciki, hawaye kawai, ko fitilar waya ba na iya kallo. Maƙocina ya ce duk mai walda haka yake kuma zan saba. Ni dai hankalina bai kwanta ba musamman saboda yaron nan. Me zan yi?

Wani mai walda:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa shokin ai abokin sana'a ne, mu ma da haka muka taso, ka dinga tsayawa kan katako kawai. Ido kuma ka ɗiga madarar gwangwani kafin ka kwanta, ko ka je kemis akwai wani maganin ɗigawa da yake kashe zafin nan take.

Dattijon sana'a:
Ɗana, kafin komai kada ka sake kunna injin nan sai an duba shi, ko da aikin gaggawa ne a gabanka. Na haura shekara talatin da holda a hannuna kuma ina gaya maka ba a sabawa da wuta. Ƙanena da ya ce abokin sana'a ne, ka yi haƙuri, ban yarda da kai ba. Abubuwa biyu ka haɗa a tambayarka kuma ba ɗaya ba ne. Jan da kake ji wajen canja sanda daban, wanda ya kama yaro a jikin injin daban, na biyun shi ne ya fi tayar min da hankali.

Na farkon, ko ba ka walda in dai injin a kunne yake akwai wuta tsakanin holda da ƙarfen da kake aiki a kai, kusan bolt 50 zuwa 80 a yawancin injinan nan. Da rani hannunka a bushe ƙasa a bushe sai ba ka ji. Yanzu gumi ya jiƙa ka, ƙasa da laima, get ɗin yana kwance a ƙasan nan da kake takawa da silifas, to ka zama kai ne hanyar da wutar za ta bi ta koma. Maganinsa safar hannu ta fata busasshiya, kuma ka sayi biyu, in ɗaya ta jiƙe da gumi ka rataye ta ka sa ɗayar. Takalmi mai rufi mai ƙasan roba. Kada ka jingina da ƙarfen ko ka zauna a kansa kana canja sanda, kada kuma ka maƙale holda a hammata kamar yadda yaran yanzu suke yi in za su gyara gilashi, wajen nan jiƙe yake kuma dab da zuciya. Ka dubi holdar taka ma, na san irin wadda ake haɗawa da injin hannu, robar baki duk ta ƙone ta zube sai ƙarfe tsirara. Sabuwar holda ba ta kai kuɗin taga ɗaya ba.

Mai gyaran injin walda da rewayin:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗora daga inda ya tsaya tunda cikin injinan nan nake wuni. In jikin injin ya ja mutum to ba wutar walda ba ce, mafi yawa wutar NEPA ce kai tsaye, 230 ɗin nan, ta samu hanya ta taɓa gangar jikin. Ko wayar shiga ta goge a bakin ramin da ta ratsa, ko takardar da ke raba naɗin waya da ƙarfen ciki ta ƙone saboda zafi, ko ƙurar ƙarfe daga injin gurza ta taru a ciki ta sha laima ta zama gada. Wannan na ukun kullum ina ganinsa, ka buɗe inji ka tarar da baƙar ƙura ta yi kauri kamar an shafa kwalli a kan tashoshin waya.

Kuma ga wani kuskure da kusan kowa ke yi. Wayar da muke ce wa at, wadda ake maƙalawa a jikin aiki, ita ba at ba ce ta gaskiya, hanyar dawowar wutar walda ce kawai. Jikin injin yana buƙatar nasa at ɗin daban, waya daga gangar jiki zuwa sandar at da aka kafa a ƙasa, ko ta ƙafa ta uku ta filogi in wayarin shagon yana da at mai kyau. Na tabbata naka waya biyu ce tsirara aka soka a soket ko aka rataya. Ka samu mai lantarki ya sa maka at, ya sa bireka daidai ƙarfin injin, in da hali ya haɗa da irin mai yanke wuta da zarar ta fara zurara, na 30mA. Amma ka sani wannan ɓangaren NEPA kaɗai yake tsarewa, ba ruwansa da jan da holda ke yi maka, wancan sai safa da bushewa kamar yadda Baba ya ce. Ka kai injin wajen mai rewayin, wato mai sake naɗin waya, ya auna shi da mega, na'urar gano zurarar wuta, tsakanin naɗin shiga da jiki, da kuma tsakanin naɗin shiga da na fita, don in waɗannan biyun suka haɗe to wutar NEPA har holda za ta iso. Multimita ta hannu ba kullum take kama irin wannan ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri Baba, na gode oga. Wallahi kamar kun zo shagon, waya biyu ce kuma babu filogi. Na cire ta yanzu. Zancen zafin kebul fa? Sannan at ɗina gaskiya rodi ne na jera a ƙasa daga injin zuwa inda aikin yake, haka na ga ana yi.

Mai gyaran injin walda da rewayin:
To ka ga wani ɓangaren matsalar ke nan. Rodi da guntayen fayif da ake jerawa duk inda biyu suka haɗu wajen yana zafi yana tartsatsi, wutar tana raguwa kafin ta iso, sai kai kuma ka ƙara wa injin wuta don sanda ta daina maƙalewa, sai injin ya dahu. Ka sayi kebul na gaske da kilif mai ƙarfi ka maƙala kusa da inda kake walda, ka goge tsatsa da fenti a wajen tukuna. Geji 12, wato sanda mai kaurin milimita 2.5, tsakanin ampiya 60 zuwa 90 yake so, geji 10 kuma 3.2, kamar 90 zuwa 130. Ga irin wannan aikin kebul mai kaurin sikwaya milimita 25 na jan ƙarfe ya ishe ka, in zai yi tsawo sosai ka hau 35. Ka kankare bakin wayar da wuƙa kafin ka biya, in ka ga fari a ciki to alminiyon ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe, shi ne mai zafin nan. Duk inda aka yi haɗi aka naɗe da leda ko tsumma a yanke a yi haɗi na ƙwarai, kuma ka ɗaure notinan bakin injin tamau, sako-sakon noti kaɗai yana iya ƙona tasha. Injinan kamfani akwai lamba a farantin jikinsu, in ka ga 60% nufinsa a cikin minti goma ka yi aiki shida ya huta huɗu a wannan ƙarfin wutar. Naɗin gida ba shi da wannan rubutun don haka hannunka da hancinka ne ma'auni, in ya fara wari an riga an makara.

Ma'aikaciyar jinya a sashen ido:
Ƙanena don girman Allah kada ka ɗiga madara a idonka, kada kuma ka sayi maganin nan mai kashe zafi. Abin da ke damunka hasken walda ne ya ƙona fatar saman ƙwayar ido, shi ya sa ba ka jin komai da rana sai bayan awa shida zuwa sha biyu, daidai lokacin da ka kwanta. Yawanci yana warkewa da kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Maganin da ake faɗa na kashe zafi mu a asibiti don dubawa kawai muke ɗiga shi, in mutum ya riƙa sawa da kansa yana hana wajen warkewa, kuma tunda ba ka jin zafi za ka iya murje idon ka yi masa gyambo ba ka sani ba. Madara kuma ƙwayoyin cuta za ka zuba a kan rauni. In ya same ka ka zauna a ɗaki mai duhu, ka ɗora tsumma mai tsafta da ka jiƙa da ruwan sanyi a kan idon a rufe, ka sha farasitamol, ban da murzawa. In ya wuce kwana biyu, ko ido ɗaya ne kawai ke ciwo, ko gani ya ragu, ka zo asibiti don sau da yawa ɗan ɓurɓushin ƙarfe ne ya maƙale, kuma yana yin tsatsa a cikin idon in ya kwana. Shi kuma yaron in ya ce ƙirjinsa na ciwo ko zuciyarsa na bugawa ba daidai ba, ko akwai ƙuna a tafin hannun, a kai shi a duba shi yau ba gobe ba.

Dattijon sana'a:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Ɗana in tambaye ka, da me kake rufe fuska? Na san amsar, baƙin tabarau na kasuwa, kuma wajen ɗigon farko na kama ƙarfe ma runtse ido kake yi ka juya kai. Nan ake ƙonewa. Tabarau na gayu ba ya tare wannan hasken yadda ya kamata, fuskarka da wuyanka kuma a buɗe. Ka nemi garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11, shi ya dace da sandunan da kake ƙonawa, ka sa farin gilashi a gabansa don tartsatsi ya ci shi maimakon baƙin. Yaron da ke riƙe maka ƙarfe shi ma a ba shi tasa, don ya fi ka kusa da hasken wani lokacin kuma shi ba ya sanin sanda za ka kunna. Tunda a bakin titi kake ka kafa ɗan falanki ko kwano tsakaninka da masu wucewa, yara suna son tsayawa kallo.

Riga kuma ta auduga mai dogon hannu, rigunan ƙwallon nan narkewa suke su manne da fata. Laita ba ta zama a aljihun mai walda. Sai abu ɗaya da nake roƙonka da shi tunda ka ce kana karɓar gyare-gyare, ranar da aka kawo maka duro ko tankin mota ko na janareto da ya taɓa ɗaukar fetur a ce ka liƙe ko ka yanka, ka ce a'a. Ko sun rantse ya shekara a bushe. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa ba man ba, ni da hannuna na ɗauki abokin aikina zuwa asibiti a kan duro wanda kowa ya ce babu komai a cikinsa.

Wani daga Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da zan ƙara hayaƙi ne, musamman in kana aikin fayif mai ruwan tutiya irin na ruwa, hayaƙinsa fari ne, da dare sai ka ji zazzaɓi da ciwon jiki ka ɗauka maleriya ce. Shan madara ba ya hana shi. Ka gurje rufin a inda za ka liƙa, ka yi aikin a fili, ka kauce kada kanka ya zama a saman hayaƙin. Tun 2017 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansa, to ba abin wasa ba ne. Sandunanka kuma ka ɗauke su daga ƙasa da daminar nan, ka sa a gwangwani mai murfi, sanda mai laima tofi take yi ta bar maka ramuka a ɗinki.

Wani mai walda:
To na karɓi gyara, Hajiya na gode, wallahi maganin nan na fi shekara ina ɗigawa ban san haka yake ba. Zan zo a duba ni.

Mai tambaya:
Salam, na dawo da bayani. Yaro an duba shi lafiya lau alhamdulillahi. Na kai injin wajen mai rewayin yau da safe, da ya kwance murfin sai ga wayar shiga ta goge a daidai inda ta ratsa jikin, jan ƙarfen a fili yana taɓa kwanon, har wajen ya yi baƙi. Ƙura kuwa ya hure ta fi cikin gwangwanin madara. Ya auna naɗin ya ce shi da sauransa, ya canja wayar ya sa mata roba a bakin ramin. Na sayi holda da garkuwa biyu da safa, kuɗin kebul ne bai cika ba sai na karɓi cikon kuɗin get ɗin da ke hannuna, mai lantarki kuma ya ce jibi zai zo ya kafa at. Oga mai rewayin, kafin ya zo ɗin zan iya ƙarasa get ɗin a hankali ko in jira?

Mai gyaran injin walda da rewayin:
Ka jira shi ƙanena. Ka kira mai get ɗin ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ka yi yanka da gurza da awo a kwana biyun nan, ranar da aka kafa at sai ka haɗa.