Tambaya kan tiyatar zuciya majiyyaci yana farke

Assalamu alaikum, likitoci. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma yanzu ko masallaci ba ya iya kaiwa sai ya tsaya ya dafe ƙirji. An ce jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, sai an yi tiyata, amma saboda raunin huhunsa ana tsoron sa shi barci.

Na karanta cewa a Turkiyya an fara yin wannan aiki a 1998, majiyyaci yana farke yana numfashi da kansa, bayan an yi masa allurar kashe zafi a gadon baya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganin tsinka jini da yake sha kullum: ba zai sa jini ya taru ya danne masa laka ba? Don Allah ku fahimtar da ni.