Muhawara: faifan "Nero a metà" na Pino Daniele, mawaƙin birnin Napoli na Italiya, gado ne ko kayan aro?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ɗanjuma, faifan da ka turo daren jiya na saurare shi har sau biyu. Hannun mutumin a jita ba magana. Amma ban yarda da abin da ka rubuta ba, wai wannan ita ce muryar Napoli. Abin da kunnena ya ji kiɗan baƙaƙen Amurka ne, buluz da jaz, aka ɗora musu yaren Napoli a kai. Sai kuma sunan faifan, Nero a metà, wato rabinsa baƙi. Bature fari sol ya laƙaba wa aikinsa wannan suna! Buluz fa a gonakin auduga na Misisipi ya tsiro, a bakin jikokin bayi, da wahalarsu aka saye shi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Malam. Shekara tara ke nan ina Napoli, bari in faɗi abin da na sani game da sunan. Ba kansa yake nufi ba tun farko. Faifan ya fito a 1980, kuma Pino ya sadaukar da shi ne ga Mario Musella, mawaƙin ƙungiyar Showmen da ya rasu a 1979. Uwar Musella 'yar Napoli ce, ubansa sojan Amurka ne cikin waɗanda suka shigo garin lokacin yaƙin duniya na biyu. Sojojin ƙawance sun shiga Napoli ranar 1 ga Oktoba 1943, kuma bayan tafiyarsu an bar yara da yawa irinsa, ba uba, fatarsu daban da ta maƙwabta. Wanda ke busa saksofon a faifan, James Senese, shi ma haka ne: an haife shi a 1945, ubansa baƙar fata ne ɗan Amurka, uwarsa 'yar gari. A ƙungiyar Senese ɗin, Napoli Centrale, Pino ya kaɗa jitar bas kafin a san shi. To Malam, a gida ya tarar da abin, a hannun yayyensa na unguwa.

Rabi: Yaya Ɗanjuma, wannan bayanin ya rage zafin maganar, amma bai kashe ta ba. Wa ya yi suna? Wa ya tara mutum wajen 200,000 a dandalin Plebiscito na Napoli ranar 19 ga Satumba 1981? Senese na kan dandamalin a daren, ina sane, amma sunan Pino ke gaba. Wanda baƙin ke jikinsa yana gefe yana busa, wanda baƙin ke sunan faifansa shi ne tauraro. Haka aka yi da Elvis a Amurka.

Isuhu: Ku ba ni dama, ni da jita nake cin abinci. Malam, da girmamawa, ina jin waƙoƙin da suka fi kaɗawa ne suka riƙe maka kunne. Koma ka saurari Appocundria da Alleria da Quanno chiove, kai kaɗai, da dare. Buluz na asali yana da zubinsa, gaɓa 12 da ke zagayowa kan sautuka uku, duk mai koyon jita da shi yake farawa. Waɗannan waƙoƙin ba a kan wannan zubin suke ba. A Appocundria yatsunsa ke tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, karin yana gangarowa ta wata hanya da za ka rantse daga Andalus ko Tunis ta fito. Na kwana uku ina neman inda yake sa yatsa a wani wuri, sai da na daina tunanin Amurka sannan na kamo shi. Tsohon karin bakin Bahar Rum ne, wanda garin ke rerawa tun kafin a haifi kakansa. Muryarsa ma siririya ce, can sama, ba irin ta mawaƙan Chicago mai kauri ba. Shi kansa ya raɗa wa salonsa suna tarumbò, don ya nuna tarantella, rawar gargajiyarsu, tana ciki tare da buluz ɗin.

Kuma kalmar appocundria ɗin nan, mutanen garin ne ke da ita: wani ƙunci ne da ke sauko wa mutum ba tare da ya san dalili ba, ko ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba. Wanda ke da kalma irin wannan a yarensa ba sai an koya masa baƙin ciki daga waje ba.

Malam Habu: Isuhu, na karɓi gyara a kan waɗannan ukun, zan koma musu. Amma baƙin cikin talakan Napoli daban, bauta daban. Kada mu haɗa su.

Ɗanjuma: Ba wanda ya haɗa su Malam. Sai dai akwai abin da ba a gani daga nesa. 'Yan arewacin Italiya suna kiran mutanen kudu terroni, mutanen turɓaya, kuma idan Napoli ta je wasa a wasu filayen ƙwallon arewa, daga cikin zagin da ake yi musu har da ce musu 'yan Afirka. Pino ya tashi cikin talauci a tsohon gari, ya ɗauki abin da ake goranta musu ya ce ya karɓa. Ya kuma ƙi sakin yarensa a lokacin da ake ganin mai son ci gaba sai ya yi waƙa da Italiyancin makaranta.

Akwai tsohuwa mai sayar da kayan miya a lungunmu, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Kullum ƙaramar rediyonta na rataye a ƙusa kusa da sikeli. Ranar da aka sa Napule è, ta farkon faifansa Terra mia na 1977, tana auna mini tumatir sai ta tsaya da hannu a sama, tana bin waƙar a hankali har ta ƙare, sannan ta ƙulla ledar. Da Pino ya rasu ranar 4 ga Janairu 2015, dandalin Plebiscito ɗin nan cika ya yi, mutane na rera wannan waƙa. Ba a yi wa mai kayan aro haka.

Rabi: Ƙaunar mutanensa ba ta amsa tambayata ba Yaya. Su baƙaƙen da aka ɗauki kiɗansu, me suka ce?

Isuhu: Sun zo sun yi wasa da shi, ƙanwata. A Yunin 1980 shi ya buɗe wa Bob Marley taro a filin San Siro na Milan. Wayne Shorter da Alphonso Johnson, manyan jaz na ƙungiyar Weather Report, suna cikin faifansa Bella 'mbriana na 1982. Shorter ba mutumin da zai sa bakinsa a aikin banza ba ne. A 2001 kuma ya yi faifan Medina da Salif Keita na Mali da Faudel mai waƙar raï, salon kiɗan Aljeriya.

Malam Habu: To ai Medina ɗin ce ta fi damuna. A shekarun nan kamfanonin Turai na cin kasuwar da suka kira kiɗan duniya, kowa na neman Ba'afirke ɗaya ya yafa a faifansa kamar gishiri. Ali Farka Touré, makaɗin jita na Mali, ya sha faɗa cewa tushen buluz a ƙasarsu yake. Idan haka ne, abin ya bar bakin kogin Neja a jirgin bayi, ya dawo ta Napoli, riba kuma ta tsaya a Turai.

Ɗanjuma: A nan ba zan yi maka musu sosai ba Malam. Na yi shekara biyu a Castel Volturno, arewa da Napoli, inda 'yan Ghana da Najeriya suka yi yawa, inda mawaƙiyar Afirka ta Kudu Miriam Makeba ta faɗi bayan ta gama waƙa a Nuwamban 2008 ta cika. Tun asuba muke tsayawa a shataletale muna jiran motar da za ta kwashe mu zuwa gona. Akwai wanda ya hana ni hayar ɗaki da ya ga fuskata, alhali waƙar Pino ke tashi a motarsa. Wannan ya faru da ni. Amma laifin mai ɗakin ne. Shi Pino sunan abokinsa ya ɗaga, ya sa Senese a gaba yana busa, a garin da aka yi ta tsokanar yaran nan saboda fatarsu.

Rabi: Ni dai har yanzu ina ganin Senese bai samu rabonsa ba.

Malam Habu: Maganar suna na janye, tunda na ji ga wanda aka yi shi. Maganar riba ina nan a kanta. Ɗanjuma, shi Senese ɗin yana da faifan kansa?

Ɗanjuma: Yana da su da yawa. Na farkon Napoli Centrale ya fito a 1975, akwai waƙar Campagna a ciki, kan 'yan ƙwadagon gona da masu gonar da ke ci da guminsu. Na tashi aiki ƙarfe tara, zan turo bayan isha'i.

Malam Habu: Allah Ya kai mu. Isuhu, kai ma ka saurara, gobe ka faɗa mana abin da ka ji a busar.